HANNUN DA KE SUSAR RAGO, ME YA HANA SHI SHAFA KAN ƊA?

A wannan fitowar ba girki na zo da shi ba, ba kwalliya ba, ba kuma rigimar kishi ba. Magana ce a kan wani magani da Allah Ya ajiye a kowane gida. Ba a sayar da shi a kemis, ba a biya masa ko sisin kwabo a hannun kwastan, amma yara da yawa suna kwana da yunwarsa. Maganin nan kuwa shi ne tafin hannunki.

'Yar'uwa, ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: yaushe rabon da ki ɗora hannu a jikin ɗanki ba don wanka ba, ba don duka ba, ba don ki fizgo shi daga bakin murhu ba? Kawai ki jawo shi ki shafa kansa har ki ji ya yi ajiyar zuciya? Maigida, kai fa? Na san da yawanmu sai mun yi dogon tunani kafin mu tuna.

Zan kafa maganata a garin Jibiya ta jihar Katsina, domin can dangin mahaifiyata suke, kuma can na fi ganin bukatar abin nan ƙuru-ƙuru.

GARI A BAKIN IYAKA

Daga birnin Katsina zuwa Jibiya tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota. A Magama shingen kan iyaka yake, da ka ƙetara sai Ɗan Isa ta Jamhuriyar Nijar, daga nan sai Maraɗi. Jini ɗaya ne, harshe ɗaya, auratayya kuma ba a magana. Abincin mutanen gari da yawa a kan hanyar nan yake: direba da ɗan kamasho, ɗan dako da mai tuwo a tasha, dillalin dabbobi da mai canjin sefa.

A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Mutane ba su gama miƙe ƙafa ba sai ga juyin mulkin Nijar na ran 26 ga Yuli, 2023, aka sake garƙamewa har zuwa watan Maris na 2024. Ban da wannan ga masifar 'yan bindiga da ta addabi ƙauyukan yankin. A watan Maris na 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin Jibiya da 'ya'yansu a goye, aka tsugunar da da yawansu a makarantar gwamnati. Wasu kuwa tun 2019 suke ƙetarawa jihar Maraɗi gudun hijira, su da mutanen Zamfara da Sakkwato.

To, duk wannan ina yake ƙarewa? A tsakar gida. Magidanci ya wuni a tasha bai sami ko na cefane ba, ya dawo zuciya kusa. Uwargida ta wuni tana lissafin abin da za ta ɗora a tukunya. Yaro ya zo ya raɓe ta, sai ka ji, "Kai dalla matsa can, ka ishe ni!" An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Alhali yaron nan wataƙila ya ji ƙarar bindiga da kunnensa, ya yi gudun dare a daji, shi ya sa ya koma fitsarin kwance, yana firgita cikin barci, yana maƙale wa zanen uwarsa kamar kaska. Sai mu ce ya lalace da shagwaɓa, ko mu ce iska ce ta taɓa shi. Tsoro ne ya zauna masa a jiki, kuma abin da ya zauna a jiki ta jiki ake lallaɓa shi ya fita.

DARASI DAGA KASUWAR LAHADI

Ranar Lahadi kasuwar Jibiya ke ci. Duk wanda ya shiga wajen dabbobi gabanin babbar Sallah zai ga raguna balami da uda, wasunsu daga Nijar aka kawo su, sun sha tafiya, sun sha zafi, ga hayaniya ga baƙin wuri. Wani ragon sai ya yi ta fizgar igiya yana tunkuyin duk wanda ya matso.

Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijon dillali da irin wannan rago. Bai ɗaga sanda ba, bai daka tsawa ba. Ta gefe ya zo masa, ya tsuguna, ya bar shi ya shinshina hannunsa. Sannan ya shiga sosa masa ƙarƙashin haɓa da gindin wuya a hankali, yana 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Ba a jima ba ragon ya daina huci, ya lumshe ido, har ya fara tuƙa.

Na ce, "Baba, ko dai akwai wani sirri ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wane sirri? Bisa ba ta jin Hausa, amma tana jin hannu. In hannunka na da gaggawa ta sani, in kau zuciyarka kwance take ta sani."

Jama'a, ku duba min wannan magana. Ragon layya muna yi masa wanka, mu ba shi dusa da harawa da kanwa, maigida ya dawo daga masallaci ya tsaya yana shafa bayansa yana murmushi. Ɗansa na cikinsa yana tsaye a gefe yana kallo, rabonsa da hannun uban tun marin shekaranjiya. Ashe ba iyawa ce ba mu yi ba.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Kada wata ta ce wannan ai surutun masu rubutu ne kawai. A shekarar 1958 wani masani a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, Harry Harlow, ya bayyana gwajin da ya yi da 'ya'yan birai. Ya ƙera musu uwayen ƙarya guda 2: ɗaya ta waya tsura mai ɗauke da bulumbotin madara, ɗaya kuma an naɗe ta da tattausan ƙyalle amma ba ta da madara. 'Ya'yan biran sai su je su sha madara gurin ta waya, su dawo su wuni ƙanƙame da ta ƙyalle, kuma da an tsorata su gurinta suke rugawa. Wato cika ciki daban, kwanciyar rai daban.

A 1986 wata masaniya a birnin Miyami, Tiffany Field, ta gwada tausa a kan jarirai bakwaini: minti 15, sau 3 a rana, har kwana 10. Waɗanda aka yi wa tausar sun fi sauran ƙara nauyi da kashi 47 cikin 100 duk da abinci ɗaya ake ba su, kuma sun riga su barin asibiti da kimanin kwana 6.

Yaya abin yake aiki? A fatar baya da hannu da sauran wurare masu gashi akwai wasu siraran jijiyoyi da ba su da aiki sai jin shafa mai taushi. Masana a ƙasar Suwidin sun nuna a 2009 cewa jijiyoyin nan sun fi amsawa idan hannu yana tafiya sannu-sannu, kamar faɗin yatsu 2 a kowace daƙiƙa. Idan saƙon ya isa ƙwaƙwalwa sai bugun zuciya ya lafa, numfashi ya daidaita. Rungumar fata da fata kuma tana rage sinadarin tashin hankali da ake kira kotisol, tana ƙara wani mai suna oksitosin, wanda shi ne sinadarin shaƙuwa, kuma shi ke sa nono ya zubo. Abin daɗin shi ne ba yaron kaɗai ke amfana ba, har mai shafawar hankalinta kan kwanta.

Fulani sun san wannan tun ba yau ba. Mai tatsa ba ta zuwa wa saniya da tsawa. Sai ta saki maraƙi ya fara tsotsa, ta shafa gefen uwar tana kiran sunanta, sannan nono ya sauko. Saniyar da aka firgita riƙe nononta take yi. Haka ma mace mai jego: idan an tayar mata da hankali nono kan yi wuyar zubowa. Maigida da uwar miji, a kula da wannan.

GOYO DA BAKWAINI

Alhamdu lillahi, mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Goyo da majanyi, wankan jariri da kaka ke yi tana miƙe masa gaɓoɓi tana shafe shi da man kaɗanya, waƙar reno, jijjiga a cinya, duk gadonmu ne. A 2022 masana a ƙasar Japan ƙarƙashin Kumi Kuroda suka ba iyaye shawara bayan sun auna bugun zuciyar jarirai: idan jariri yana kuka a ɗauke shi a yi ta tafiya da shi a hankali minti 5, sannan a zauna riƙe da shi minti 5 zuwa 8 kafin a kwantar. Wace kaka ce a Jibiya ba ta san zagaya tsakar gida da jikanta ba?

Sai dai akwai wani goyon da ya kamata mu ƙara koya, wato goyon ƙirji na bakwaini. A 1978 wani likita a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, ya ga kwalaben da ake saka bakwaini sun yi kaɗan, sai ya sa uwaye su riƙa ɗaure jariransu a ƙirji, fata da fata, tsakanin nonuwa, da hula a kai da zane a lulluɓe. Aka sa wa dabarar sunan kangaru, wata dabbar Ostareliya mai renon ɗanta a aljihun cikinta. Wani babban bincike da aka fitar a 2021, wanda aka yi a ƙasashe 5 har da Nijeriya, ya nuna fara goyon nan nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin sa awa 8 zuwa 24 a rana. Idan uwa ta gaji, uba ko kaka ko goggo su karɓa. Ga macen ƙauye da ke nesa da asibiti mai kwalba, wannan ilmi rai ne guda. Amma fa a kai bakwaini asibiti tukuna, ma'aikata su duba shi su nuna yadda ake ɗaurin.

Haka batun tamowa. Uwaye da yawa daga yankin nan sun sha ƙetarawa Ɗan Isa da Madarunfa neman magani, kafin ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin tamowa a jihar Katsina a 2021, har da Jibiya. To a cikin matakai 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa na jinyar yaro mai tamowa, ɗaya sukutum shi ne a rungume shi, a yi masa wasa, a yi masa hira. Yaron da yunwa ta ci ba ya ko kuka, sai ya kwanta shiru, uwa ta ɗauka ba ya bukatar komai. Lokacin ne ya fi bukatar hannunta.

KUNYA KO ƘAUNA?

Na san abin da wata ke faɗa a ranta: "Ni ɗan fari ne, ina ni ina rungumar shi a gaban surukai?" Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, kuma ba na cikin masu zagin al'ada. Amma a tuna, zamanin da aka kafa ta gida cike yake da kaka da goggo da inna, idan uwa ta kau da kai akwai hannu 10 da za su ɗauka. Yau fa? Amarya tana gidan haya ita kaɗai, ko tana zaman gudun hijira, dangi sun watse. In ta ji kunya, wa zai ɗauka? Ki ɓoye sunansa in kina so, ki kira shi da laƙabi, amma idan kin shiga ɗaki kin saki labule, ki ba shi haƙƙinsa.

Maza kuma sukan ce shafa kan yaro yana sa raini. Ina rainin yake? Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis. Da Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka nuna masa cewa rashin jinƙai ne, ba jarumta ba. Ya kuma yi salla ɗauke da jikarsa Umama. Wane namiji ne ya fi shi kwarjini?

GA YADDA ZA KI YI

Ba sai kin ware awa guda ba, minti 10 bayan sallar isha'i ya isa. Ki fara da kanki: ki zauna, ki ja numfashi mai tsawo sau 3, ki sauke kafaɗunki. Kin dai ji abin da dillali ya ce game da hannu mai gaggawa. Ki wanke hannu, ki cire zobe da awarwaro, ki murza ɗan man kaɗanya ko man kwakwa a tafinki har ya yi ɗumi.

Jariri ki fara masa daga ƙafafu, daga cinya zuwa tafin sawu, sannan hannuwa, sannan ki kifa shi a cinyarki ki bi bayansa daga kafaɗa zuwa ƙugu. Hannun ya zauna sosai amma ban da dannawa, kuma ban da cakulkuli. Ki dube shi cikin ido kina yi masa magana. Idan ya kau da kai, ya sanƙare ko ya fara kuka, ki dakata sai wani lokaci. Kada a yi yana gama shan nono, kada a danna maɗiga, kada a shafa mai a cibiyar da ba ta warke ba, kada a sa man zafi kusa da hancinsa. Kuma komai zafin ranki kada ki girgiza jariri da ƙarfi, don yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. In kuka ya ishe ki, ki kwantar da shi wuri mai aminci ki fita ki sha iska.

Yaron da ya tasa kuwa ki nemi yardarsa: "Zo in shafa maka baya." Idan ya ƙi kada ki tilasta, ki zauna kusa da shi kawai. 'Ya mace ga kitso, ki mayar da shi lokacin hira maimakon lokacin ranƙwashi. Wanda ke firgita cikin dare kada a daka masa tsawa ko a watsa masa ruwa. Ki ɗora tafinki a bayansa, ki kira sunansa a hankali, ki yi masa addu'a, ki ce, "Ga ni nan, muna gida." A nan ne kuma za ki koya masa cewa jikinsa nasa ne, ba kowane hannu ke da izinin taɓa shi ba, kuma duk wanda ya taɓa shi ta hanyar da bai so ba ya zo ya faɗa miki.

Tausa dai ba ta maye gurbin abinci ko magani. Zazzaɓi, suma, ƙin cin abinci, ko yaron da ya daina magana bayan wani tashin hankali, duk na asibiti ne.

YARO DA DABBARSA

Wani yaron abin da ya kasa faɗa wa mutum sai ya faɗa wa ɗan akuyarsa. Ki lura da yaran da ke kiwon tantabaru, ko yarinyar da kyanwa ke kwana a ƙafafunta. Kada ki kore su. Yaron da ya iya kwantar da hankalin dabba yana koyon kwantar da nasa ne. Babban sahabi Abu Huraira ma ai saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka ya sami laƙabinsa, kuma kowa ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu.

Ki koya masa ladabin abin. Ya zo wa dabba ta gefe, ya bar ta ta shinshina shi, ya shafa ta yadda gashi ya kwanta. Kyanwa tana son kumatu da ƙarƙashin haɓa, ba ta son ciki da wutsiya, kuma in ta fara kaɗa wutsiya ko ta kwantar da kunnuwa a ƙyale ta. Rago a sosa masa haɓa da wuya, ban da tura masa goshi, don haka ake koya masa tunkuyi. Jaki da doki ba a tsaya musu ta baya. A 1993 wasu masana a Faransa sun auna cewa sosa wa doki gindin wuya, daidai inda dawaki ke sosa wa juna, yana rage masa bugun zuciya, abin da masu kula da dawakin hawan Sallah a Katsina za su ce sun daɗe da sani.

A wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabba. Mai ciki ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa. Kada a bar jariri shi kaɗai da dabba. Idan kare ko kyanwa ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya asibiti ranar saboda ciwon haukan kare, wanda ba ya jin magani idan ya riga ya bayyana. Ragon layya kuma a gaya wa yaro gaskiya tun ranar da aka kawo shi, kada a bari ya shaƙu da shi sannan a yi masa dariya ranar Sallah idan yana kuka. Hawayen nan alamar zuciya mai rai ce.

'Yan'uwa, buɗe iyaka da rufe ta ba a hannunmu yake ba, farashin masara ma haka. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya tashi ya san hannu mai taushi shi ne gobe zai riƙe matarsa da 'ya'yansa da tausayi, ya kuma riƙe mu idan ƙarfinmu ya ƙare. Don haka yau da dare, kafin a kashe fitila, kowa ya jawo nasa.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Jibiya da Maraɗi da ƙasa baki ɗaya, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, Ya raya mana zuriya bisa albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.